Jirgi Mai Ganga Biyu da Raƙuman Teku: Sharhi a Kan Gadar da Ke Tsakani

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin babban kogi, ya ga masu fito sun jera kwale-kwale biyu, sun gitta itatuwa a bisansu, sun ɗaure tamau domin su haye da kayan da kwale-kwale guda ba zai iya ɗauka ba, to, ya riga ya ga asalin mas'alar da muke nufin yin sharhi a kanta, sai dai ya gan ta ne a ruwa mai ladabi, wanda ba ya tashi ya zauna kamar na teku. Irin wannan jirgi, idan tun farko a haɗe aka ƙera shi, shi ne matafiya teku suke kira katamaran, kalmar da Turawa suka aro daga harshen Tamil na kudancin Indiya, inda take nufin itatuwan da aka ɗaure. Matafiyin nan na Ingila, William Dampier, ya ambace ta a littafin tafiye-tafiyensa na shekarar 1697. Abin da masu harshen suke nufi da ita gungumomi ne da aka jera aka ɗaure, amma da sunan ya yi hijira ya sauka a kan jirgi mai jiki biyu, sai ya taho da gaskiyarsa, domin dukan alherin wannan jirgi da dukan illarsa a wurin ɗaurin suke tattare.

Tun da malamai sukan gabatar da ta'arifi kafin hukunci, bari mu daidaita a kan lafuzza. Kowane ɗaya daga jikin nan biyu da ke cikin ruwa za mu kira shi ganga. Ginin da ya gitta a bisansu ya haɗa su, wanda ake ɗora fasinja da motoci da kaya a kansa, shi ne gada. Sararin da ya rage a ƙarƙashinta, inda ruwa yake wucewa tsakanin gangunan, kwararo ke nan. Fa'idar wannan siffa a fili take. Jirgi mai ganga ɗaya ba ya zama daram sai da faɗin ciki ko nauyin gindi, kuma duka biyun suna cin gudu. Mai ganga biyu kuwa daga tazarar da ke tsakani yake samun zamansa, kamar mutumin da ya ware ƙafafu a bayan babbar mota don kada ya faɗi, saboda haka ana iya sirantar da kowace ganga har ta riƙa keta ruwa kamar aska, alhali filin da ke sama yana nan da yalwarsa. Da wannan ne jirgin fito mai suna Hoverspeed Great Britain, mai tsawon mita 74, wanda kamfanin Incat ya ƙera a Hobart ta tsibirin Tasmaniya, ya ƙetare Tekun Atlantika a 1990 da gudun da matsakaicinsa ya kai wajen kilomita 68 a awa. Amma teku ba ya ba da bashi sai da ruwa, kuma gada ce take biya.

Wajibi ne a fara sanin halin raƙumin ruwa, wanda wasu suke kira igiyar ruwa. Ruwan kansa ba ya tafiya tare da raƙumin. Siffar ce take tafiya, kamar yadda iska takan bi ta kan fadamar shinkafa a ga tudu yana gudu daga wannan gefe zuwa wancan, alhali kowane kara yana nan a gindinsa. Kowane ɗigo kewayawa yake yi a wurinsa, ya yi gaba a kan tozon raƙumin, ya komo baya a cikin kwarinsa, kuma inda tozo ya tsaya ruwa ya fi tura jirgi sama, inda kwari ya faɗa sai ya sake shi. A ruwa mai zurfi akwai ƙa'ida tabbatacciya tsakanin lokaci da tsawo: a ƙirga sakan nawa ne tsakanin tozo da tozo, a ninka adadin da kansa, a sake ninkawa da 1.56, abin da ya fito shi ne tsawon raƙumin da mita. Mai zuwa duk bayan sakan 5 tsawonsa mita 39 ne, mai zuwa bayan sakan 8 kuwa mita 100. A haɗa wannan da cewa ruwan teku cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne yana da nauyin kilo 1,025, wato ya ɗara tan guda, sai a gane cewa abin da ido yake gani kamar kumfa da wasa, a wurin ƙarfe duwatsu ne masu tafiya.

Wahala ta farko gadonta katamaran ya yi daga kowane jirgi. Idan tozo ya tokare tsakiyar ganga, goshi da ƙeya suka rataya, sai bayanta ya gantsare. Idan tozo biyu suka ɗauki goshi da ƙeya, sai tsakiya ta lotsa kamar igiyar shanya. Wannan sananne ne tun zamanin jiragen katako, kuma lissafinsa ya daɗe da zama karatun 'yan makaranta, don haka ba za mu tsaya a kansa ba.

Inda katamaran ya keɓanta da tasa jarrabawa shi ne sa'ad da raƙuma suka zo masa daga gefe. Mu ƙaddara tazarar da ke tsakanin tsakiyar ganga da tsakiyar 'yar'uwarta mita 20 ce, raƙumin kuma tsawonsa mita 40, wato ninki biyu na tazarar, irin wanda yake zuwa kusan duk bayan sakan 5, wanda kuwa iskar la'asar ma takan tayar da shi, ba sai an yi guguwa ba. Lokacin da tozo ya shiga kwararo ya tsaya a tsakiyarsa, ruwan da ke ciki ya fi na waje tudu a ɓangarorin biyu, sai ya tura gangunan kowace waje. Da yake kuma a ƙasa yake turawa, cikin ruwa, gada kuwa a can sama take riƙe da su, sai gangunan su zama kamar hannuwan awartaki da ake buɗewa da ƙarfi, ƙasan gada yana miƙewa kamar zai yage, samanta yana matsewa kamar zai tanƙware. Bayan sakan biyu da rabi kwari ya maye gurbin tozo, al'amarin ya juya, ana matse awartakin, abin da ya miƙe ɗazu shi ne yake matsewa yanzu. A tsakanin waɗannan halaye biyu kuma akwai na uku, inda ganga ɗaya take bisa tozo ɗaya tana cikin kwari, wannan tana neman sama waccan tana neman ƙasa, gada tana tsakani kamar ƙyalle a bakin almakashi. Duk wannan yana aukuwa ne cikin sakan biyar, ya kuma maimaitu sau 720 a awa. Abin lura a nan, wanda na ga ya fi kome cancantar a riƙe, shi ne raƙumi mai tsawon mita 200, ko da ya fi wancan kwarjini nesa ba kusa ba, yakan ɗaga gangunan biyu kusan tare ya sauke su tare, gada ba ta ji a jikinta sosai ba. Ashe munasabar da ke tsakanin tsawon raƙumi da faɗin jirgi ita take yanke hukunci a wannan babi, kuma jirgin da injinsa ya mutu, ya juya ya ba raƙuma haƙarƙarinsa, yana iya shan wannan azaba fiye da wanda yake tafiyarsa.

Idan kuwa raƙuma suka zo a karkace, ba daga goshi sosai ba, ba kuma daga gefe sosai ba, sai a sami goshin gangar dama a kan tozo, ƙeyar gangar hagu ma a kan tozo, sauran kusurwoyi biyun suna rataye a kan kwari. Ganga ɗaya tana son ɗaga kai, ɗaya tana son sunkuyawa, ba mai hana su face gada, wadda ake murɗawa kamar yadda mai wanki yake matse zane. Wanda ya taɓa ajiye gadon ƙarfe a ɗakin da daɓensa bai daidaita ba, ya ga ƙafa biyu sun taka biyu suna lilo, ya kuma ji kukan da gadon yake yi idan an hau, ya san wannan ciwo. Har ma masu zanen jirage sukan ƙaddara a lissafinsu cewa an ɗora jirgin a kan kusurwoyi biyu masu kallon juna a gicciye, su ga ko zai jure. Maganin murɗa kuwa yana cikin siffa fiye da kaurin ƙarfe. A ɗauki kwalin da aka cire wa murfi a murɗa, zai bi hannu ba gardama. A mayar da murfin a liƙe shi, sai ya ƙi, alhali takardar ba ta ƙara kauri ba. Shi ya sa ake gina gadar manyan jirage a matsayin rufaffun akwatuna jere da juna, kuma shi ya sa kowace ƙofa ko rami da aka huda a jikinsu, don matakala ko bututu, sai an yi mata hisabi na musamman.

Ƙarfi a cikin ƙarfe yana gudana ne kamar ruwa a lambatu, inda ya tarar da kwana mai kaifi nan yake cunkushewa. Jiragen dakon kaya da Amurka ta ƙera da gaggawa a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda ake kira Liberty, da yawansu tsagewarsu ta faro ne daga kusurwar bakin rumbun kaya, wadda aka yanka a miƙe babu lanƙwasa. A katamaran kuwa kwanar da ta fi kowace haɗari ita ce hammatar da gada ta sadu da ganga, don haka ake zagaye ta a yi mata baka, bisa hikimar da maginan soro na ƙasar Hausa suka sani sa'ad da suke jera azara su tayar da bakan gizo, nauyin rufi ya gangara bango a hankali maimakon ya karye a lungu.

A kan yadda za a amsa wa teku, maƙera jirage sun kasu mazhaba biyu, ta sassauci da ta tsauri, kuma ta sassauci ita ce ta riga. Mutanen tsibiran Folinesiya, waɗanda suka kai Hawai da Rapa Nui da Niyu Zilan cikin tagwayen kwale-kwale ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya leƙa Tekun Fasifik, ba su da ƙusa ko ɗaya. Da igiyar da suka tufka daga zaren ɓawon kwakwa suke ɗaure itatuwan gada a jikin ganguna, zagaye bisa zagaye. Irin wannan ɗauri yana ba da kai kaɗan idan an murɗa shi, ya komo idan an sake, nauyin kuma ya rarrabu a kan ɗaruruwan zagaye maimakon ya taru a wuri guda. Wanda ya saki a ƙara ɗaure shi ana cikin tafiya, wanda ya ci a gan shi da ido tun bai tsinke ba. A 1976 jirgin Hokule'a, mai tsawon wajen mita 19, wanda aka ƙera bisa tsohuwar siffa aka kuma ɗaure gadarsa da igiya, ya tashi daga Hawai ya isa Tahiti, tafiyar wajen kilomita 4,000, Mau Piailug na tsibirin Satawal yana ja-gora da taurari da yanayin raƙuma, babu kamfas babu taswira.

Turawa sun daɗe suna kai-kawo a bakin wannan ƙofa. William Petty, likita kuma masanin lissafin tattalin arziki, ya ƙera jirgi mai ganga biyu a Dublin a 1662, amma wani da ya biyo baya, mai suna Experiment, ya halaka da mutanensa cikin guguwa a mashigin Biskay a 1665, sha'awar abin kuma ta yi sanyi ƙwarai. Bayan shekara ɗari biyu da 'yan kai Nathanael Herreshoff na Amurka ya fito da katamaran ɗinsa Amaryllis a 1876, ya ba masu tseren jiragen iska na New York kunya, kuma dabararsa ita ce ya haɗa gangunan da gada ta hanyar gaɓoɓi masu juyawa irin na kafaɗar mutum, domin kowace ganga ta ɗaga kai ta sunkuya ba tare da ta nemi izinin 'yar'uwarta ba. James Wharram na Ingila, wanda ya ƙetare Atlantika zuwa Tirinidad cikin ɗan katamaran mai tsawon wajen mita 7, sa'an nan a 1959 ya ƙetaro daga New York ya nufo gabas cikin wani mai suna Rongo, ya rayu yana wa'azin sassauci, har a zane-zanensa na baya ya koma ga igiya kamar mutanen Folinesiya.

A ganina hujjar wannan mazhaba ingantacciya ce a muhallinta, sai dai muhallin yana da iyaka. Jirgin da zai ɗauki manyan motoci a bisa gadarsa, bututun mai da wayoyin lantarki suna ratsawa daga ganga zuwa ganga, ba zai yiwu daɓensa ya riƙa motsi a ƙarƙashin tayoyi ba. Kuma duk gaɓar da take juyawa tana cin kanta, tana kuma tara nauyin duka a kan ƙusa guda, wadda idan ta karye babu mai gadonta. Saboda haka manyan jirage duka sun bi tsauri, an yi musu walda sun zama jiki ɗaya. Amma wanda ya duba da kyau zai ga saɓanin bai kai yadda mabiya suke zafafa shi ba, gama gadar alminiyom mai walda ita ma tana lanƙwasa tana komowa, da ma'aunin da ido ba ya kamawa. Kuma a manyan jiragen Incat ɗakin fasinja a kan matasan roba yake zaune bisa gadar, domin kada murɗar da ke ƙasa ta hau ta fasa tagogi, kada kuma rurin inji ya dami mutane. Mazhabar tsauri ke nan ta ari fatawa daga maƙwabciyarta.

Duk abin da muka ambata zuwa yanzu nauyi ne mai zuwa da sallama, yana hawa a hankali yana sauka a hankali, ana iya lissafa shi. Akwai wani kuma wanda ba ya sallama, shi ne marin da ruwa yake yi wa ƙasan gada. A cika kwano da ruwa, a tsoma hannu a tsaye, zai shiga salin-alin. A buga tafin a kwance da sauri, sai a ji kamar an mari dutse, domin ruwan bai sami lokacin kaucewa ba. Haka yake idan jirgi yana gudu gaba da raƙuma, goshinsa ya faɗa kwari daidai lokacin da tozo na gaba yake tasowa: kwararo ya cika, ruwa ya rasa mafita dama da hagu saboda gangunan sun tsare, sai ya haɗu da shimfiɗaɗɗen ƙasan gada gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido. Ƙarfin marin kuwa yana bin ninkin saurin haɗuwar a kan kansa ne, wato idan saurin ya ninka biyu marin ya ninka huɗu, idan ya ninka uku ya ninka tara.

Rundunar ruwan Amurka ta karanci wannan darasi a jikin USNS Hayes, jirgin binciken teku mai tsawon wajen mita 75 da ya fara aiki a 1971, wanda Arewacin Atlantika ya yi ta marin gadarsa har ta lalace, sai da aka gitta masa wani fiffike a cikin ruwa tsakanin goshin gangunan biyu don ya rage sunkuyon. Mai karatu zai ce, to a ɗaga gadar mana ta yi nisa da ruwa. Ana ɗagawa, amma kowane taƙi da aka ƙara yana tsawaita hannun awartakin nan da muka ambata, yana ƙara nauyi a sama, yana kuma ba iska bango. Maƙeran Tasmaniya sun bi wata hanya: suka sirantar da goshin gangunan su riƙa huda raƙumi maimakon hawansa, sa'an nan suka rataya goshi na uku a tsakiya, mai siffar ƙirjin kwale-kwale, wanda ba ya taɓa ruwa sai jirgin ya sunkuya ƙwarai, a nan ya tsaga ruwan ya tallafi jirgin kada ya yi nutso da ka. Dabara ce mai kyau, ta kuma ceci jirage, sai dai ruwan da goshin tsakiya ya tsaga yakan hau ya cika 'yan bakuna biyun da ke tsakaninsa da gangunan, a can ƙuryar sama ya yi marinsa. Masu bincike na Jami'ar Tasmaniya, waɗanda suka liƙa ma'aunai a jikin irin waɗannan jirage suna cikin aikinsu, suka kuma gwada ƙananan samfura a tafkin gwaji, sun nuna cewa mari mai tsanani yana iya kusantar nauyin jirgin kansa. Bayan marin kuma jirgin duka yakan ɗauki makyarkyata daga goshi har ƙeya, sau biyu ko uku a sakan guda, kamar sandar da aka buga a ƙasa, fasinja su ji ta a tafin ƙafa kafin ta lafa.

Jiragen tsere, da yake an kankare musu kowane kilo na ihtiyaɗi, su suka fi saurin tona asirin kuskure. Team Philips, wanda Pete Goss ya sa aka ƙera a Totnes ta Ingila don tseren kewaya duniya, tsawonsa ya haura mita 36, faɗinsa wajen mita 21, an yi shi da zaren kabon, kuma an bar dogayen goshinsa biyu suna miƙe babu abin da ya gitta ya riƙe su a gaba. A watan Maris na 2000, ana cikin gwaji kusa da tsibiran Scilly, wani babban yanki na goshin gangar hagu ya karye ya rabu. Aka gyara, aka ƙarfafa, aka koma. A watan Disamba na shekarar guguwa ta same shi a tsakiyar Atlantika, raƙuma suka yi ta dukan ɗakin da ke rataye tsakanin gangunan har ya fara tsagewa, mutanen suka bar shi suka hau wani jirgin dakon kaya, shi kuwa teku ya ƙarasa shi.

Akwai masu cewa a guje wa fuskar ruwa ɗungurungum, a nutsar da gangunan can ƙasa kamar jiragen yaƙi na ƙarƙashin teku, a ɗora gada a kan siraran ginshiƙai. Haka aka yi jirgin Kaimalino a Amurka a 1973. Irinsa yana zama shiru cikin raƙuman da suke wujijjiga waninsa, amma ginshiƙan nan dogaye su ne hannun awartaki mafi tsawo, don haka turin gefe ya zama babban abin da ake gina shi dominsa.

Galibin jirage ba mari ɗaya ne yake kashe su ba, gajiya ce. Wanda ya rasa abin yanka waya yakan lanƙwasa ta gaba da baya har ta tsinke, ko da yake babu lanƙwasa guda a ciki da ta isa ta tsinka ta. August Wöhler, injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, shi ya fara auna wannan da tahaƙiƙi a tsakiyar ƙarni na 19 saboda sandunan ƙafafun taragu da suke karyewa ba gaira ba dalili. A 1945 kuma M. A. Miner ya tsara ƙa'idar da ake bi har yau, cewa kowace lanƙwasa tana cin wani kaso na rayuwar ƙarfe, ana tarawa kamar bashi a littafin ɗan kasuwa, ranar da ya cika sai tsaga ta bayyana. Raƙumi mai zuwa duk bayan sakan 6 yana zuwa sau 600 a awa, sau 14,400 a yini da kwana, fiye da sau miliyan 5 a shekara. A wurin walda kuwa, idan nauyi ya ninka biyu, abin da yake ci daga rayuwar wurin yakan ninka wajen takwas, saboda haka 'yan awoyi na gudu cikin mari da makyarkyata suna iya cin abin da makonni na tafiyar lumana ba su ci ba. Alminiyom, wanda ake ƙera jirage masu gudu da shi domin nauyinsa sulusin na baƙin ƙarfe ne, taurinsa ma wajen lanƙwasa sulusi ne, zafin walda yana raunana gefen ɗinkin, kuma ba shi da wata iyaka bayyananniya da za a ce nauyin da bai kai ta ba ba ya gajiyar da shi. Shi ya sa masu duba jirgi sukan bi hammatar gada da fitila, su shafa jan ruwa mai shiga tsaga su goge, su fesa farin gari, inda jan layi ya fito a fasa a sake walda.

Hukumomin da suke ba jirage shaidar inganci, irin su Lloyd's Register ta Ingila da DNV ta Norway da ABS ta Amurka, kowace tana da babi a kan waɗannan nauye-nauye, buɗewa da matsewa da murɗa da mari, kuma a yau kwamfuta tana yanka surar jirgi gunduwa-gunduwa dubu ɗaruruwa ta lissafa rabon kowace. A kan nauyi mai sallama lissafin da gwajin sun yi kusan ittifaƙi. A kan mari kuwa har yanzu da sauran ijtihadi, domin iskar da takan maƙale tsakanin ruwa da ƙarfe wani lokaci ta zama matashi ta rage dukan, wani lokaci ta kuɓuce, kuma iskar da ke tafkin gwaji ba ta ƙanƙancewa tare da samfurin. Raƙuma biyu masu kama ɗaya sukan ba da mari biyu mabambanta, saboda ɗan bambancin kusurwar da suka haɗu da jirgin.

Daga nan ne ake gane haƙiƙanin matsayin katamaran mai gudu, wato ƙarfinsa ƙarfi ne bisa sharaɗi. Da za a gina shi ya jure kowane raƙumi a kowane gudu, da nauyinsa ya cinye gudun da aka ƙera shi dominsa. Saboda haka mai zane yakan ƙulla alkawari da kyaftin, a rubuta a allo a rataye a ɗakin tuƙi, cewa idan raƙuma sun kai kaza kada gudu ya wuce kaza, idan sun haura kaza kuma kada a fita sam. Hukumar kula da sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar da wannan a dokar jirage masu gudu ta 1994, wadda aka sabunta a 2000, har ta shar'anta cewa jirgin fasinja irin wannan kada ya yi nisan da ya wuce tafiyar awa 4 daga wurin fakewa, na kaya kuwa awa 8. Sharaɗin kansa yana buƙatar tafsiri, domin tsayin raƙumi da ake faɗa a rahoton yanayi matsakaici ne na sulusin da suka fi tsayi, kuma cikin raƙuma dubu, waɗanda ba sa cika awa biyu kafin su wuce, ana sa ran guda zai kusan ninka wannan adadi. Idan an ce mita 3.5, to kyaftin ya san akwai mai mita 6 da ɗoriya yana tafe, bai dai san daga wace kusurwa ba. Fasinjan da aka ce masa an soke tafiya, ya leƙa daga tasha ya ga ruwa kwance, ya yi ta faɗa da mai sayar da tikiti, da wannan allo yake jayayya bai sani ba.

USNS Spearhead, jirgin sufuri na rundunar ruwan Amurka mai tsawon mita 103, wanda kamfanin Austal ya ƙera da alminiyom a Mobile ta jihar Alabama ya miƙa a 2012, wanda kuma ya yi zirga-zirga a mashigin tekun Gini har ya yada zango a Ghana, an yi shi ne ya yi gudun kilomita 65 a awa ɗauke da sojoji da motocinsu. A farkon 2016 rahoton ofishin gwaje-gwaje na ma'aikatar tsaron Amurka ya bayyana cewa goshin wannan jirgi da na 'yan'uwansa ba ya jure marin teku, har rundunar ta kashe kusan dala miliyan 2.4 wajen ƙarfafa goshin huɗu na farko. Aka ƙara haƙarƙari, aka ƙara kauri, aka yi walda, jiragen suka koma bakin aiki da ƙarin nauyi a goshi. Allon da ke ɗakin tuƙi kuwa aka bar shi inda yake, kyaftin yana duba rahoton yanayi kafin ya tashi, idan raƙuma suka tasa ya rage wuta, idan suka ƙi kwantawa ya kewaye su ko ya jira a tasha.